Gangar Da Ba Ta Yoyo

A garinmu in famfo ya fara ɗiga ba a cewa a nemo mai gyara, cewa ake a kira Nicanor. Nicanor Ayaviri ya yi ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a cikin ramin kuza, amma ba haƙa yake yi ba. Shi ne mai kula da bututun iskar da ke juya injinan fasa dutse, tun daga bakin rami har can ƙasa inda zafi ke sa maza tuɓe riga. Aikinsa yawo da gwangwanin ruwan sabulu da ɗan buroshi, yana shafa wa kowace mahaɗa, yana jiran ya ga inda za ta yi kumfa. Ya bar ramin, sana'ar ba ta bar shi ba. Mutum ne da kana cikin ba shi labari zai ɗaga maka hannu ka yi shiru, ya karkata kai, ya ce tukunyar gas ɗin maƙwabcinka tana yoyo. In an duba kuwa sai a tarar tana yi. Ba ya yarda da abin da bai shafa wa sabulu ba, wannan hali ya sa shi ya zama mai amfani ƙwarai, mai wuyar zama kuma.

Mutum ɗaya ce ta iya zama da shi, matarsa, ita ma da dariya ta iya. Benigna Yucra tana cikin matan da ke wuni a kan tsibin duwatsun da rami ya zubar, suna farfasawa da guduma, suna tsince ɗan kuzan da ya kuɓuce wa maza. Ba a barin mace ta shiga rami a garinmu, wai tana kore arziki, sai ramin ya biyo ta har waje. Ƙurar dutse ta cinye mata huhu a hankali kamar yadda take cinye na maza. Watanninta na ƙarshe a gado ta yi su, da tukunyar iskar asibiti a gefe, da tiyo a hanci. Ba su haihu ba. Da aka kai ta makabartar da ke saman tudu, Nicanor ya dawo ya tarar ba abin da ke yoyo a gidan, ya zauna ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

Abu ɗaya da bai daina ba shi ne dafa giya. Tun yana saurayi wani direban babbar mota ɗan Chile ya koya masa yin ta sha'ir, yana dafawa a tsakar gida ya ɗura a kwalabe. Ba ya sayarwa, shi kansa ba mashayi ba ne. Saboda Benigna yake yi. Giyar masarar da kowa ke sha tana sa ta ƙwannafi, amma tasa in ta kurɓa sai ta runtse ido ta ce tana cizon hanci, ta miƙo kofi a ƙara mata.

To, kowa ya san matattu suna zuwa gida da tsakar ranar ɗaya ga Nuwamba, su kwana, washegari a raka su makabarta su tafi da tsakar rana. Hanyar da nisa, da ƙishirwa suke isowa. Ana shimfiɗa baƙin ƙyalle a tebur, a jera burodi mai siffar jarirai, da tsanin burodi na sauka da hawa, da rake na dogarawa, da duk abin da mamacin yake so lokacin da yake da rai. Ana barin ƙofa a buɗe, a cire wa kowace kwalba marfi, domin mamaci ba ya buɗe abu da kansa. Sabon mamaci sau uku ake yi masa wannan babban tebur. Bayan na uku an sallame shi ke nan, ya shiga sahun tsofaffin matattu da ake tunawa da su a dunƙule. Alamar sun zo kuwa ba ta ɓuya. Washegari in ka ɗanɗana abincin za ka ji shi lami, giyar kuma ta mutu, ba cizo ba kumfa, sun ɗauke daɗin sun bar maka saura.

Casimira ce ke shirya teburin Benigna. Ƙanwarta ce, mai sayar da kunun jar masara da fanke a bakin tasha, mace mai kaifin baki da ba ta taɓa raga wa mijin yayarta ba. Washegarin tebur na biyu ta tsiyaya giyar ta kurɓa, ta gyaɗa kai da murna.

"Yaya ta zo. Ɗanɗana ka ji, kamar ruwan wanki."

"Kwalbar da ta kwana a buɗe," in ji Nicanor, "ko a gidan da ba a taɓa mutuwa ba haka za ta yi."

"Kai dai ba ka da daɗin zama, mijin Yaya. Ranar da ka mutu ma sai ka shafa wa ƙofar Aljanna sabulu kafin ka shiga."

"In tana yoyo ai gara su sani."

Waɗanda suka ji maganar sun ɗauka rashin imani ne, kuma sun zalunce shi. Babu mai son a ce Benigna ta zo kamar Nicanor. Kewarta ke cin sa kamar gara, sai dai zuciyarsa ba irin wadda ake lallashi da buɗaɗɗiyar kwalba ba ce. A ranar ya ƙulla abin da zai yi. Zai haɗa ganga ta ƙarfe, a toshe ruf, mai ɗan famfo, mai agogon da ke nuna ƙarfin iskar da ke ciki, ƙarama daidai wadda zai goya ya hau tudun makabarta. In iska ta ragu a cikin abin da shi Nicanor ya toshe da hannunsa, to wani ne ya ɗiba. Tebur ɗaya ya rage masa, in ya wuce bai sani ba, ba zai taɓa sani ba har ya bi ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran watanni da yawa ya fara shiga motar birnin El Alto, zuwa kasuwar nan da in ka rasa abu a cikinta to ba a ƙera shi ba tukuna. Can cikin layin 'yan gwangwan ya gamu da Hilarión Tarqui, wani gajeren dattijo mai haƙorin zinariya, wanda ke zaune a tsakiyar tsofaffin ƙarafa yana tauna ganyen koka mai kashe gajiya. Shi ya jawo masa gangar daga ƙarƙashin tarin murhu. Irin wadda kantuna suke zuba ruwan lemo a ciki a zamanin da ce, ƙarfen da ba ya tsatsa, tsayinta bai wuce gwiwa ba, marfinta da ɗan zobe wanda in ka ja iska za ta fice. Nicanor ya wanke ta da ruwan zafi da toka har hannunsa ya tsage, amma ƙanshin lemon da aka sha tun kafin a haifi wasunmu bai gama barinta ba.

Robar marfin ta riga ta ruɓe. Ya samo wata a wurin matar da ke sayar da robobin tukunyar girki, ya yi ta gwadawa har ta gaji ta ce ko dai ya saya ko ya ba masu saye wuri. Famfon daga wata mashaya ya fito a garin Oruro, mai ita ya rufe ya tafi Ajantina ya bar ƙanensa yana sayar da kujeru. Tiyon kuwa wani ma'aikacin kamfanin madara ne ya yanko masa, ya ƙi karɓar komai sai alƙawarin kofi guda. Tukunyar iskar da za ta riƙa tura giyar ta kashe gobara ce, ja, Hilarión ya ciro ta daga wata motar fasinja da ake yankawa.

"Tsufa ne ya kashe motar ko hatsari?" Nicanor ya tambaya.

"Tsufa, maigida. Ta girmi uwata."

"Rantse."

"Haba dattijo, ni zan sayar maka da abin motar da ta ci mutane? Ina da 'ya'ya. Irin waɗancan, mutanen birni nake sayar wa."

Akwai wani ɗan bawul mai barin iska ta shiga ya hana ta komowa, shi ne bai samu ba. Kullum Hilarión sai ya ce masa mako mai zuwa. Daga baya Nicanor ya haƙura, har ya ga ma gara haka, tunda in hanyar a buɗe take gaba da baya, agogon zai riƙa faɗin gaskiyar abin da ke cikin gangar ko da an kulle tukunyar.

Saura agogon kansa, wato kan tagullar nan mai rage ƙarfin iska, mai gilashi da allura. Shi ne ya gagara. Na masu walda duk sun sha maiƙo, sababbi kuma ba na aljihun tsohon ma'aikacin rami ba ne. Wata rana Hilarión ya duba hagu da dama, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci ya buɗe. Cike yake da agoguna, sun kife a kan juna, tagullarsu ta fara kore, allurarsu duk a kwance. Rana tsaka ce, kasuwa na ta hayaniya, amma sai Nicanor ya ga kamar idanu ne suka juyo gaba ɗaya.

"Na asibiti ne," in ji Hilarión. "Tun shekarar annoba. Kowa ya saya wa nasa, sannan kowa ya kawo mini. Zaɓi ɗaya, ba za mu ɓata a ciniki ba."

Nicanor ya ɗaga guda. A bayansa an manna filasta, an rubuta sunan wata mace da biro.

"Masu su fa?"

"Sun daina buƙata."

Ya mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce ba zai sa numfashin baƙo a cikin giyar matarsa ba. A motar komawa bai yi barci ba kamar yadda ya saba, tunaninsa na kan wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gadonsa.

Bayan an binne mamaci, ana kwashe duk abin da ya taɓa jikinsa a kai rafi, a wanke na wankewa, a ƙona na ƙonawa, a raba na rabawa, domin kada ya dawo ya ga abinsa ya maƙale. An yi wa kayan Benigna haka. Tukunyar iskar asibitin an mayar wa masu ita. Amma agogon nasu ne, su suka saya, kuma ranar da mata ke tattara kaya Nicanor ya kwance shi ya jefa a gwangwani bai gaya wa kowa ba. Da za ka tambaye shi, cewa zai yi tagulla ce mai kyau, asara ce a jefar. Gaskiyar ita ce a watannin nan ya fi kallon allurar agogon a kan fuskar matarsa, domin fuskar ba ya iya jure kallonta.

Bakin agogon bai dace da na tukunyar kashe gobara ba, sai da ya kai wa wani maƙeri ya yanka masa mahaɗa. Ya ɗaura komai, ya shafa sabulu a kowace gaɓa, ba kumfa. Bai yarda ba. Ya nutsa gangar duka a cikin duron ruwa, ya tsuguna yana leƙe har ƙafarsa ta yi sanyi, ko ƙwayar iska ɗaya ba ta taso ba. Sannan ya dafa giyar da ba a taɓa dafa irinta a tsakar gidan ba, ya ɗura, ya ba ta iska, ya kulle tukunyar tamau. Inda allurar ta tsaya ya ɗiga jan fenti a kan gilashin. Kwana da kwanaki yana dubawa safe da yamma, allura na kan ɗigonta kamar an kafa ta da ƙusa.

Ranar ɗaya ga Nuwamba Casimira ta zo da sassafe da kwandon burodi. Ta gama jera tebur, ta kunna kyandir, sai ga Nicanor ya rungumo gangarsa ya girke ta kusa da hoton Benigna. Casimira ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, idonta ya sauka kan agogon, bakin ya tsaya a buɗe.

"Wannan ba na Yaya ba ne?"

"Tagulla ce kawai."

"Ni na wanke kayanta a rafi, na yi ta neman abin nan, ka ce mini ka mayar. Ashe kai ma kana yoyo, mijin Yaya." Ta zagaya gangar tana dubawa. "Kuma ina bakinta? Ta ina za ta sha? Ka gayyato mace daga lahira ka ajiye mata asusu?"

"In dai da gaske tana zuwa, ƙarfe ba zai tare ta ba."

"Mamaci ba ya buɗe abu. Ko jariri ya san wannan."

Suka yi ta ja-in-ja har rana ta yi sama. Daga ƙarshe ya yarda da abu ɗaya: in ƙararrawa ta kaɗa zai ɗaga famfon ya zuba wa ƙasa rabonta kamar yadda al'ada take, ya cika kofi ɗaya na tebur, sannan ya rufe ya sake ɗiga fenti inda allurar ta koma.

Ƙararrawar coci ta kaɗa. Can kan duwatsu 'yan rami suka tayar da nakiya kamar yadda suke yi kowace shekara don yi wa baƙi maraba, tagogi suka girgiza, karnuka suka ɗauka. Sannan gari ya yi tsit. Wani ƙuda ya shigo ta ƙofa ya sauka kan rake. Harshen kyandir ya kwanta ya nufi tebur, alhali ba iska. Nicanor ya tara kofi, ya ɗaga famfon.

Giya ba ta fito ba. Ganga ce cike da iska, kamata ya yi ta feso har ta jiƙa masa hannu. Maimakon haka sai famfon ya zuƙa ciki, zuƙa gajeriya, irin ta wanda ya daɗe yana tafiya ya samu wurin zama. Hannun Nicanor ya saki da kansa, famfon ya koma ya rufe.

Casimira tana durƙushe idonta a rufe tana addu'a, ba ta ga komai ba. Shi kuwa ya duƙa kan agogon. Allurar ba ta ragu ba. Ta haura jan ɗigon da kamar kaurin farce.

Nicanor ba yaro ba ne a wannan sana'a. Ya san ɗumin ɗaki na iya ɗaga allura, ya san giya mai sauran rai na iya ƙara wa kanta iska. Ya jera wa kansa waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafin kayan aiki, yana cikin jerawa allurar ta sauko kan ɗigon, ta ɗan tsaya, ta sake hawa. Ɗumi ba ya haka. Ta hau, ta yi rawa a tsakiya sau biyu, ta sauko. Ya san wannan rawar. Ya kwana da ita ya tashi da ita wata da watanni.

Ya cika kofin tebur da giyar kwalba don kada Casimira ta yi magana, ya jawo kujera ya zauna a gefen gangar. Da la'asar masu addu'a suka fara shigowa gida-gida, a yi wa mamaci addu'a a ba su burodi. Wata tsohuwa da ta sauko daga ƙauyukan kan dutse, wadda ba ta san kowa a gidan ba, ta kai tsakiyar addu'arta ta katse, ta ɗaga kai tana saurare.

"Wa ke fama da ƙirji a gidan nan?"

"Ba kowa, Iya," in ji Casimira.

Tsohuwar ta ƙarasa addu'ar da sauri, ta karɓi burodinta, ba ta tsaya shan komai ba.

Tsoro ya kamata Nicanor ya ji, kuma ya ji kaɗan. Amma abin da ya cika masa ciki murna ce, irin wadda ba ya tuna ranar da ya ji ta. Da aka watse ya matso da bakinsa kusa da ƙarfen ya ba ta labarin gari: wanda ya mutu, wadda ta yi aure, yadda rufin kicin ya fara ɗiga ya toshe shi. Allura na hawa tana sauka. Ya tambaye ta ko giyar ta yi cizo. A kan kujerar gari ya waye masa.

Da safe aka kwashe tebur za a hau tudu. Nicanor ya ɗauko mayafin goyo mai ratsin ja da kore, ya naɗe gangar da tukunyarta, ya saɓa a baya ya ƙulle a ƙirji kamar yadda mata ke yi. Tsofaffin abokan aikinsa da ke hanya ba su bar shi ya wuce lafiya ba.

"Barka da arziki, Nicanor. Mace ce ko namiji?"

"Ka tallafe masa kai mana, sabon haihuwa ne."

"Yaushe ne suna? Mu dai a shayar da mu abin da ke cikin jaririn."

Ya wuce su ya kama hawa. Tudun makabartarmu ko saurayi sai ya tsaya hutawa, shi ma ya tsaya, numfashinsa na fita da ƙyar. Da ya lafa sai ya ji akwai wani numfashin da bai lafa ba, a bayansa, daidai tsakanin kafaɗunsa. Ya gyara goyon a hankali ya ci gaba.

Makabarta ta cika maƙil. Kowane kabari da iyalinsa, an sake jera burodi, masu sarewa da ganguna na zagayawa, ana ci ana sha ana kuka ana dariya. Casimira ta shimfiɗa ƙyalle a kan kabarin yayarta. Nicanor ya sauke gangar ya jingina ta da gicciyen kabarin, ya zauna ya dafa ta. Labarin giyar famfo ya riga ya zagaya, mutane suka yi ta zuwa da kofuna, har ma'aikacin madarar nan da aka yi wa alƙawari. Kowa ya zo sai ya ce masa ba ta nuna ba. Suka koma suna ƙunƙuni, wai rowa ta kama shi da tsufa.

Da rana ta kusa tsaka aka fara sallama. Ana kife tebura, ana tuttular da sauran abin sha a kan kaburbura, mata na kaɗe tufafin juna don kada wani ya maƙale a jikin wani. Nicanor ya miƙe ya shimfiɗa mayafin, ya fara naɗe gangar.

"Ina za ka da ita?" in ji Casimira.

"Gida."

"Ba a komawa gida da abin tebur. Tuttule mata a nan."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya ci gaba da ƙulli. Ta fizge gefen mayafin, agogon ya bayyana. Ta daɗe tana kallon allurar. Ya ga lokacin da ta gane, don ita ma ta yi jinyar nan, ita ma ta san rawar.

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

"Ka sani ke nan yanzu. Abin da kake nema ka samu. Sake ta."

"In na sake ta ba ta dawowa, Casimira. Wannan ne na ƙarshe." Ya riƙe gefen mayafin gam. "Me zan tarar a gidan? A nan kuwa ga ta. Ba abin da zai same ta a ciki, ni na toshe shi, ko shekara nawa ba zai yi yoyo ba."

Casimira ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya ba shi tsoro, don bai taɓa jin ta yi magana a hankali ba.

"Na san ba zai yi ba. Yaya Nicanor, matar da ta mutu tana neman iska, ita ka kulle a inda iska ba ta shiga? Sa kunnenka ka ji ko daɗi take ji."

Wuni da kwana ya yi yana kallon allura yana magana, bai saurara ba, shi da ke jin yoyon gidan maƙwabta. Ya durƙusa ya manna kunnensa da ƙarfen. Da farko motsin giya ya ji. Ƙarƙashinsa kuma ga shi nan: a ja, ya sarƙe, a yi ƙoƙari, ya sarƙe, a saki rabi. Ba numfashin mai hutawa ba ne. Shi ne dai wanda ya yi ta roƙon Allah ya kawo mata ƙarshensa, ranar da ƙarshen ya zo har ya ji kunyar sauƙin da ya samu.

Ƙararrawa ta fara kaɗawa daga cikin gari. Nicanor ya sa yatsa a zoben marfin. Hannun da bai taɓa barin iska ta kuɓuce masa ba ke nan. Ya ja.

Ya san yawan iskar da ganga mai wannan girma ke ɗauka, ya san kafin a ce kwabo ta ƙare. Wannan ba ta ƙare ba. Ba ta yi tsuwar iskar ƙarfe ba, fita take a hankali, da ɗumi, tana kaɗa masa gashin hannu. Ƙararrawa ta gama, ita ba ta gama ba. Iyalin kabarin da ke kusa suka daina kaɗe tufafi suka juyo. Wani mai sarewa ya sauke sarewarsa. Ta yi ta fita, tana siririta, tana siririta, har ta ɗauke. Allurar ta kwanta.

Ya daɗe a durƙushe yatsansa na cikin zoben. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kina ganin da fushi ta tafi?"

Casimira ta share fuska da gefen zaninta.

"Ban sani ba. Ni dai na ji ta sauke numfashin tun daga farko har ƙarshe, bai sarƙe ko sau ɗaya ba."

Ya gyaɗa kai. Shi ma ya ji, kunnensa ba ya yi masa ƙarya. Ya kwance marfin gaba ɗaya, ya karkata gangar, ya tuttule giyar a kan kabarin, ya tsaya har ƙasa ta shanye.